Ƙauyen da Ke Kwana a Ƙarƙashin Ruwan Wani

Baffana yana da dam. Ba irin su Tiga ko Challawa ba, wani ɗan bangon jar ƙasa ne da ya sa katafila ta tara masa a wuyan wani kwari cikin gonarsa, can kudancin Kano. Da ruwan yake noman tumatir da albasa da rani, shanunsa su sha, makiyayan da ke wucewa su ma su shayar da nasu ba ko kwabo. Duk wanda ya je ya gani sai ya sa masa albarka. Ni kaina na sha zama a kan bangon da la'asar sakaliya ina kallon balbelu suna sauka a bakin ruwan. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ba ruwan baya, in dubi ɗaya gefen, inda kwarin ya gangara ya ratsa ta gindin wani ɗan ƙauye da gidajensa ba su wuce 30 ba. Sai da na je Kenya na dawo sannan na yi wannan waiwaye.

Wani taro ne ya kai ni Nairobi, 'yan watanni bayan dam ɗin Alau ya ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024 ya mamaye unguwannin Maiduguri. Zancen bai bar bakinmu ba tukuna. Ina da aboki ɗan Zariya, injiniyan ban ruwa, yana ƙaro karatu a Jami'ar Egerton da ke Njoro, kusa da Nakuru. Tun muna sakandare muke ce masa Injiniya, tun kafin ya zama. Da na kira shi muka gaisa, hira ta kai mu Alau, sai ya ce, "Malam, ku kullum idonku na kan manyan madatsun ruwa na gwamnati. Idan kun tashi daga taron ka ba ni kwana biyu, in kai ka ka ga abin da ƙaramin dam na gonar mutum ɗaya ya yi. Gani ya kori ji."

Muka bar Nairobi bayan sallar asuba, cikin wani sanyi da ban yi zatonsa ba. Damina ce a can, babbar daminarsu da ke kamawa daga Maris zuwa Mayu. Direbanmu wani dattijo ne mara yawan magana, Injiniya na kiransa Mzee, kamar dai mu ce Baba. Muka haura ta wajen Limuru, gonakin shayi sun lulluɓe tuddai kore shar, hazo ya sauko har kan kwalta. Can gaba hanya ta rabu biyu, Mzee ya ɗauki ta ƙasa, tsohuwar hanyar da manyan motoci ke bi. Ba mu yi nisa ba sai ƙasa ta buɗe a hagunmu, kamar an yanke duniya da wuƙa. Wannan shi ne Rift Valley, babban kwarin da ya tsaga gabashin Afirka. Dutsen Longonot na tsaye a tsakiyarsa da bakinsa a wangale, alamar aman wutar da ya taɓa yi. A gangaren muka wuce wani ɗan mitsitsin coci da fursunonin yaƙi 'yan Italiya suka gina a 1942, lokacin da Turawan Ingila suka sa su aikin wannan hanya.

A gindin gangaren garin Mai Mahiu yake. Mzee ya rage gudu ya nuna mana wani faffaɗan kwazazzabo da ya sauko daga tsaunukan Kijabe, duwatsu zube a cikinsa, wasu sun kai girman ɗaki. Da asubahin 29 ga Afrilu 2024 ruwa ya biyo ta nan ya kashe mutum fiye da 50. Da farko an yi ta cewa dam ne ya fashe. Daga baya aka gane ramin da ruwa ke bi ta ƙarƙashin tudun layin dogo ne ya toshe, ruwan sama ya taru a bayan tudun har ya zama tafki, daga nan ya ture shi.

"Ka ga ba wanda ya gina shi da sunan dam," in ji Injiniya. "Amma ruwa bai san suna ba. Duk tarin ƙasar da ya tare ruwa, kuma akwai mutane a ƙasansa, to dam ne, ko an rubuta a takarda ko ba a rubuta ba."

Daga nan zuwa Naivasha abin da ya fi ɗaukar ido shi ne rumfunan farar leda, jere reras iya ganinka. Furanni ake nomawa a ciki, yawanci wardi, a tsinke su yau, jirgi ya kwashe su da dare, gobe suna kasuwannin Turai. Kenya na cikin manyan masu sayar wa Turai furanni, kuma fure ba ya jiran damina. Kullum sai ya sha. Shi ya sa kusan kowace babbar gona ke da nata wurin tara ruwa. Muka wuce Gilgil, muka ga jakunan dawa suna kiwo a bakin titi ba ruwansu da motoci, muka shiga Nakuru kafin azahar, tafiyar kilomita kusan 160. Muka yi sallah, muka ci ugali, wanda ba shi da maraba da tuwon masara sai dai ya fi tauri, da wani ganye da suke kira sukuma wiki. A nan muka kwana.

Washegari muka nufi arewa. Dutsen Menengai na hagunmu, muka kai wata mararraba mai suna Maili Kumi, wato mil goma, yadda mu ma muke da Mil Tara a Kano. Nan muka saki babbar hanya muka kama ta Solai. Ƙasa ce mai albarka ƙwarai: masara, ayaba, wake, shanun madara a ɗaure a bayan gidajen kwano, yara cikin rigunan sanyi na makaranta, 'yan acaɓa da suke kira boda-boda suna ta kai da kawo cikin taɓo. A dama tudu ne mai tsawo, ya tashi a hankali har ya haɗe da daji da gajimare. A jikin wannan tudu gonar da Injiniya ya ce zai nuna mini take.

Gona ce ta iyalin Patel, 'yan Kenya masu asalin Indiya, mai faɗin eka dubbai. Ana noman kofi da furanni a ciki, ana kiwon shanun madara, kuma mutanen yankin da dama a can suke samun na cefane. A cikinta akwai madatsun ruwa na ƙasa fiye da ɗaya, a jere a jikin tudun. Damina ta 2018 ta zo da ƙarfi bayan fari mai tsanani, ta riga ta yi ɓarna a sassan Kenya da yawa. Ranar Laraba 9 ga Mayu, da daddare, lokacin da mutane suka koma gida ana cin abinci, bangon ɗaya daga cikin madatsun ya buɗe. Ruwan ya gangaro da itatuwa da duwatsu da turakun lantarki, ya bi ta ƙauyukan Energy da Nyakinyua, ya shiga har makarantar firamare. Mutum 48 suka rasu, da yawansu yara ƙanana. Ɗaruruwan iyalai suka wayi gari ba gida ba gona.

Ban nemi shiga gonar ba. Ƙasar mutane ce, ni kuwa baƙo ne, kuma da muka iso na ga cewa ba can ya kamata in tsaya ba. Na fi son in tsaya inda masu ƙauyen suke tsayawa, in ga abin da suke gani. Muka ajiye mota muka taka. An sake gina gidaje, masara ta sake tsirowa, shaguna a buɗe, rediyo na tashi. Idan ba a gaya maka ba, za ka iya wucewa. Amma da zarar an nuna maka hanyar ruwan, ba za ka daina ganinta ba: wani zirin fili da ya sauko daga sama inda babu tsohuwar bishiya ko ɗaya, ƙasar saman ta tafi, tsakuwa da manyan duwatsu sun maye gurbinta.

Na ɗaga kai na dubi tudun. Bishiyoyi kawai na gani. Babu bango, babu ƙyallin ruwa, babu wata alama da za ta ce maka akwai abin tsoro a can sama. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Wanda ke zaune a bakin kogi ya san kogi, yana ganin ranar da ya ƙaru, yana jin kukansa, ya san lokacin kwashe kaya. Wanda ke zaune a ƙarƙashin dam ɗin wani kuwa, ruwan na bisa kansa dare da rana, amma a bayan shinge yake.

A gaban wani shagon shayi muka tarar da wani tsoho, Mzee ya gaishe shi da yarensu, ya gaya masa daga Najeriya muka zo. Ya sa aka kawo mana shayi mai madara. Bai yi doguwar magana ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Ya ce abin da ya fara ji ƙara ce, ya ɗauka tsawa ce, sai dai tsawar ba ta yanke ba. Na roƙi Mzee ya tambaye shi ko ya taɓa ganin dam ɗin kafin wannan dare. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce ya san akwai ruwa a sama, kowa ya sani, amma bai taɓa sa shi a ido ba sai bayan da ya fashe, ranar da jama'a suka hau kallon inda ya ɓalle. Kalma ɗaya na iya a Suwahili da ta dace da wurin, pole, wato sannu. Na ce masa, "Pole sana, Mzee." Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya jinjina.

Bayan abin ya faru, jaridun Kenya sun ruwaito mutanen yankin suna cewa sun daɗe suna kuka da yoyo da tsagewar bangon. Jami'an hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasar suka ce madatsun gonar ba su da cikakkun takardun izini. Masu gonar suka musanta, suka ce ruwan sama ne mai yawan gaske ya sauka a dajin da ke bisa dam ɗin. Aka tura injiniyoyi suka rage ruwan sauran madatsun don kada a maimaita. Majalisar dattawa ta kafa kwamitin bincike. Aka gurfanar da mutum tara bisa tuhumar kisa ba da niyya ba, ciki har da mai gonar da manajansa da jami'an hukumar ruwa da ta muhalli. A Fabrairu 2020 wata kotu a Naivasha ta sallame su duka saboda masu gabatar da ƙara sun yi ta jan ƙafa, sai babbar kotu ta ce a sake shari'ar. A 2023 aka yi sulhu a wajen kotu: shilin miliyan 1.2 a kan kowane babba da ya rasu, shilin 800,000 a kan kowane yaro.

Ba ni da hurumin yanke wa kowa hukunci a shari'ar da masu ita suka sasanta. Abin da na lura da shi kawai shi ne, duk wannan tururuwar ta hukuma, da injiniyoyi da 'yan majalisa da lauyoyi, bayan 9 ga Mayu ta zo. Ilimin da aka yi amfani da shi wajen zuƙe ruwan sauran madatsun cikin 'yan kwanaki yana nan tun ranar 8 ga wata. Abin da babu shi ne wanda zai tsallaka shingen ya duba, da kuma wanda zai saurari na ƙasa idan sun ce sun ga ruwa na fita inda bai kamata ba.

A hanyar komawa Injiniya ya sa Mzee ya tsaya a gonar wani manomi da ya sani ta dalilin bincikensa. Mutumin na da ɗan dam da bai kai na Baffa ba, kuma ya karɓe mu hannu bibbiyu. A nan na yi karatun da ya fi na taron Nairobi amfani a wurina.

Injiniya bai kai ni wajen ruwan ba. Ya zagaya da ni bayan bangon, can gindinsa, inda ciyawa ta fi duhu. Ya tsuguna, ya tara wata gorar roba a wani ɗan wuri da ruwa ke tsattsafowa, ya ɗaga ta sama saitin rana.

"Me ka gani?"

"Ruwa garau," na ce.

"To alhamdulillahi. Babu bangon ƙasar da ba ya tsattsafo da ruwa, ko na gwamnati ne. Idan garau ne kuma bai ƙaruwa, a sa masa ido kawai. Amma ranar da ka tara ka ga ya yi jaja-jaja, ko ka ga laka ta kwanta a gindin gorar, to ba ruwa kaɗai ke fita ba, bangon ne ke fita kaɗan-kaɗan. Ruwan ya sami hanya a ciki yana rarake ta. Yau kamar tsinke, gobe kamar taɓarya, jibi kuma ba a magana. Daga waje kuwa bangon na nan tsaye kamar lafiya lau."

Ya ce hanya biyu ce bangon ƙasa ya fi mutuwa ta ita. Ɗaya ita ce wannan rarakar ta ciki. Ɗayar kuma ita ce ruwa ya cika ya haura ta kansa. Bangon kankare zai iya jure wannan, na ƙasa ba ya iyawa: da ruwan ya fara zuba ta baya sai ya shiga cin ƙasar, ya yanka ɗan wuri, wurin ya faɗaɗa, cikin ɗan lokaci a sami ƙofa. Maganin wannan shi ne mafitar rara, wato wata faffaɗar hanya da ake yankawa a gefe, ƙasa da kan bangon sosai, a kan ƙasa mai tauri ko a shafe ta da dutse da siminti, domin idan ruwa ya kai wani matsayi ya bi ta can ya wuce salin-alin. Ya ce ita ce ran dam, kuma ita ce abin da masu gona suka fi taɓawa, domin a idon manomi duk ruwan da ya bi ta can asara ne. Ya ba ni labarin dam ɗin Ka Loko a tsibirin Kauai na Hawayi, a Amurka, shi ma na mutum ɗaya ne, wanda ya fashe a Maris 2006 ya kashe mutum bakwai. Bincike ya nuna an cike mafitar rararsa da ƙasa.

Da ya faɗi haka sai gabana ya faɗi. Na tuna buhunan yashi. Da idona na ga an jera su a bakin mafitar dam ɗin Baffa a ƙarshen wata damina, har na yaba da dabarar, domin an ce da su ruwan zai kai watan Maris.

Na tambaye shi, to ai ɗan ƙaramin dam ne, me zai iya yi? Ya ce in yi lissafi. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa tan ɗaya ne. Tafkin gona mai cin irin wannan akwati 100,000 ba wani abin mamaki ba ne. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka. "Ka ƙiyasta tirela fiye da 3,000 sun gangaro daga kan tudu lokaci ɗaya, cikin dare, ba birki." Ya ƙara da cewa ƙarfin da ruwa ke tura bango da shi zurfi ne ke kawo shi, ba faɗi ba, kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan zurfin ya ninka sau biyu, turin na ninkawa sau huɗu. Saboda haka mai gonar da ya ƙara wa bangonsa tsawo don ya tara ruwa da yawa ya ɗora masa kayan da ba a gina gindinsa don su ba.

Sai ya kawo misalin da ya sa na fahimci komai. Ya ce in tuna yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki: a zuba tsakuwa da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwan makuba, a bi da madaɓi ana bugu har ta kwanta, sannan a ƙara wata. Haka ake gina bangon dam. A kankare ƙasar sama da saiwoyi, a haƙa rami a tsawon gindin a cika shi da yumɓu, sannan a riƙa shimfiɗa ƙasa siriri-siriri, da danshi daidai, ana bin ta da abin daɓe kafin a ɗora ta gaba. Katafilar da ta turo ƙasa ta tara tsibi guda cikin mako ɗaya ba daɓe ta yi ba, tari ta yi. Sauran abokan gaba kuwa duk mun san su: gara da zago, gafiya mai haƙa rami, kofaton shanu da ke yanka hanya a jikin bango, da bishiya, wadda mutane ke shukawa da niyyar ta riƙe ƙasa, alhali saiwarta ce ke huda bangon, idan ta mutu ta ruɓe kuma ta bar wa ruwa hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina so a fahimce ni. Ban dawo daga Solai ina ƙin ƙananan madatsun ruwa ba. A ƙasa irin tamu, inda ruwan shekara ke sauka cikin wata huɗu ya gudu ya bar mu da wata takwas na rani, duk wanda ya sa kuɗinsa ya tare ruwa ya yi abin kirki. Da irinsu ake samun tumatir a Fabrairu, da su samari ke samun aikin da zai hana su tafiya cirani. Muna bukatar ƙari, ba ragi ba. Amma gona da rijiya da rumbu idan sun lalace mai su ne ke asara. Dam ba haka yake ba. Amfaninsa na mai gona ne, haɗarinsa kuwa na wanda ke ƙasa ne, wanda ba a yi shawara da shi ba ranar da katafila ta zo. A ganina wannan kaɗai ya ba na ƙasa haƙƙin ya hau ya gani da idonsa, ya san yaushe ruwa ya cika, ya san wa zai kira, ya san ta ina zai bi da iyalinsa idan an yi kururuwa da tsakar dare. Ba sai an jira doka ba. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma mun san nauyinsa tun muna makarantar allo.

Kwana uku da saukata Kano na kama hanyar gona. Ƙarshen rani ne, zafi kamar ya tsaga ƙasa, gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Na tarar da Baffa a ƙarƙashin mangwaro yana sallamar masu kwashe albasa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya da mutanen can. Na ba shi tsarabar ganyen shayi. Sai da aka yi la'asar sannan na ce, "Baffa, ina neman alfarma. Ina so mu taka bangon dam tare."

Ya dube ni. "Lafiya dai, ɗana?"

"Lafiya lau, Baffa. Wani abu na gano a tafiyar nan, na ce ba zan yi shiru ba."

Muna tafe ina ba shi labarin Solai. Bai katse ni ba. Da na zo kan adadin yaran sai ya yi salati. Ya ce ya tuna shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, a Agustan 1988, yana saurayi, ya ga gonakin da ruwan ya share da idonsa. "Amma ai wancan babban dam ne," ya ce. Na ce na Solai ma ba a lissafa shi cikin manya.

Buhunan na nan a bakin mafitar, sahu uku, rana ta cinye ledarsu amma yashin ya daskare. Darbejiya biyar da ya shuka a kan bangon sun yi girma har ana zama a inuwarsu. A bayan bangon muka ga ramin gafiya biyu. Can gindi kuma, a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ga wani ɗan fili kore shar, ƙafa na nutsewa a cikinsa. Na fito da gorar da na taho da ita na tara. Hannuna na rawa. Ruwan ya fito garau. Na yi hamdala a fili, na gaya masa abin da hakan ke nufi da abin da ba ya nufi, tunda yanzu ruwan dam ɗin ya ja baya ƙwarai, kuma sai an sake gwadawa idan ya cika.

Baffa ya daɗe yana kallon buhunan. Na san abin da yake lissafawa, domin ruwan da suke riƙe masa shi ne albasar wata guda. Daga bisani ya kira babban yaron gonar ya ce gobe da sassafe a kwashe su duka, a share mafitar. Ya ce itatuwan ma a sare. Na ce Injiniya ya gargaɗe ni kada a taɓa manyan bishiyoyi da ka, sai an kawo wanda ya san aikin ya ga yadda za a cire saiwar a sake daɓe wurin. Ya ce to in nemo masa shi kafin ruwa ya sauka, zai biya.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Zo mu gangara."

Muka bi kwarin da ƙafa har cikin ƙauyen. Tafiyar ba ta kai ta minti 15 ba. Mai unguwa na zaune a ƙofar gidansa yana gyaran igiya, ya miƙe da sauri yana, "Alhaji da kansa? Maraba, maraba." Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa a kwanon sha. Bayan gaisuwa Baffa ya tambaye shi ko ya taɓa hawa kan bangon dam ɗin.

"A'a, ranka ya daɗe. Ai gonarka ce. Yara dai kan je ta wancan gefen su yi kamun kifi."

"To tashi mu je yanzu. Ka taho da mutum biyu cikin manyan gari."

Muka hau tare, rana ta yi ja. Baffa ya nuna musu mafitar, ya nuna musu wurin da ke tsattsafo, ya miƙa wa mai unguwa gorar ya ce duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a aiko yaro ya tara, idan ya ga launinsa ya sauya kada a jira a neme shi, a fara kwashe mutane zuwa kan tudun makaranta sannan a kira. Ya karanta masa lambar wayarsa, wani saurayi ya rubuta.

Mai unguwa bai ce komai ba tukuna. Ya ba ruwan baya, ya sa hannu ya kare idonsa, yana bin kwarin da kallo har ƙasa, inda hayaƙin girkin dare ya fara tashi daga tsakanin rufin ciyawa da na kwano. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya miƙa yatsa.

"Alhaji," ya ce, "ashe ga gidana can."